Doki 183 a takarda, kan inji a tsage: nazarin wata Land Cruiser mai turbo a Tahoua

Motar Toyota Land Cruiser ce ƙirar HZJ79 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ta cika hanyoyin arewacin jihar Tahoua. Injinta 1HZ ne, mai silinda shida a jere, cc 4,164, mai shan gazuwal, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990. Daga masana'anta ba ya zuwa da turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana tura ƙarin iska cikin inji. Ƙarfin da aka rubuta masa kilowat 96 ne a juyi 3,800 a minti, wato kusan doki 131, da ƙarfin murɗawa Nm (niyuton-mita) 285 a juyi 2,200. Inji ne mai haƙuri, amma ba mai hanzari ba, shi ya sa mutane ke yawan ɗora masa turbo.

Wani ɗan kasuwa na Tahoua ne ya saye ta a Yamai. Tun a ƙasar da aka ɗauko ta aka sa mata turbo da manyan tayoyi 315/75R16, kuma ta zo da takarda guda daga daino, na'urar nan da ake hawar da mota bisa gangunan ƙarfe a taka totur har ƙasa don a auna ƙarfinta. A saman takardar an buga da manyan lambobi: doki 183. Da wannan lamba aka yi ciniki, saboda ita aka ƙara kuɗi. Aikin motar kuwa kai buhunan hatsi da jarkoki ne daga Tahoua zuwa Abalak da Tchintabaraden, da lodin da ya kai tan guda.

Ba ta ga ƙarshen bazarar farko ba. A watan Afrilu direba ya soma ƙara ruwa a lagireto kowace safiya, da fari kofi biyu, daga baya fiye da lita, alhali ba ɗigo ko ɗaya a ƙarƙashin mota. Abin da ya gaya wa mai motar shi ne: "Alhaji, motar ga shan ruwa take. In na taka ta a giya biyar da lodi, hayaƙi baƙi take zubawa, kuma ba ta ja." Allurar zafi ta dashbod duk wannan lokaci tana zaune a tsakiya, abin da ya sa kowa ya saki jiki.

Abin da aka tarar a gareji

Da sassafe, inji na sanyi, an matsa babban tiyon lagireto na sama aka ji shi tauri kamar an hura masa iska. An buɗe murfi aka tayar da inji, sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Wannan kaɗai ya isa a san iskar ƙuna tana shiga cikin ruwa. An auna matsin kowace silinda: littafin gyaran 1HZ yana son kg/cm² 37 ko sama, mafi ƙaranci 27, kuma kada bambanci tsakanin silinda da silinda ya wuce 5. Biyar sun ba da tsakanin 33 da 35, ta huɗu ta ba da 26.

Da aka ɗaga kan inji, komai ya fito fili. Shi 1HZ ba ya fesa gazuwal kai tsaye bisa fistan. Akwai wani ɗan ɗakin ƙuna a cikin kan inji, mai kofin ƙarfe a bakinsa, a nan wuta ke kamawa sannan ta fito ta wata ƴar ƙofa ta bugi fistan. Kofunan silinda ta uku da ta huɗu sun tsage daga bakin ƙofar. Ƙananan tsagu a wannan wuri ba baƙon abu ba ne a tsohon inji, amma a ta huɗu tsagar ta wuce kofi, ta bi tsakanin bawul biyu har ta iske hanyar ruwa. Saman fistan ɗin, daidai inda harshen wutar ke sauka, ya yi fari-fari da kurji.

A famfon gazuwal an ga hatimin sukurun cikakken lodi, wanda ke iyakance yawan gazuwal idan totur na ƙasa, a karye, an murɗa sukurun ciki. Babu abin da ke daidaita gazuwal da matsin turbo, babu intakula, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo, babu agogon zafin hayaƙi. Turbo ɗin kansa babba ne, ya fi ƙarfin injin.

A nan ya kamata a tuna cewa Toyota ta yi wa wannan inji ɗan'uwa mai turbo, 1HD-T, cc ɗinsu ɗaya. Amma shi fesa gazuwal yake kai tsaye, matsewarsa, wato yawan yadda fistan ke matse iska a silinda, 18.6:1, fistan ɗinsa an yi shi don zafi. Na 1HZ matsewarsa 22.4:1. Ƙarin iska da gazuwal a kan irin wannan matsewa yana da iyaka, kuma iyakar zafi ce, ba doki ba.

Yadda aka kai ga 183

Takardar ba ƙarya ta yi ba. Matsalar ita ce ba wanda ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasanta. Abin da na'urar ta auna a tayoyin baya kilowat 103 ne a juyi 3,700. Shi kaɗai ne awo a duk takardar. Sauran lissafi ne da kwamfuta ta ɗora a kai, hawa uku.

Hawa na farko gyaran yanayi. Da yake iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, ana mayar da sakamako kamar an yi gwajin a wani yanayi da aka amince da shi. Ƙa'idar Jamus, DIN 70020, tana ɗaukar digiri 20 da milibar 1,013. Ta Amurka, SAE J1349, tana ɗaukar digiri 25 da kilopaskal 99 na busasshiyar iska, don haka mota ɗaya a rana ɗaya sai ta ba da lamba biyu gwargwadon maɓallin da aka danna. Wannan takarda ta DIN ce, zafin shago digiri 38, matsin iska milibar 1,000. A raba 1,013 da 1,000, a ninka da tushen murabba'i na 311 bisa 293, wato digiri 38 da 20 a ma'aunin Kelvin, a samu 1.044. Kilowat 103 ya koma 107.5. Ga inji mai turbo wannan gyara yakan yi yawa, domin turbo ya riga ya cike wani ɓangare na iskar da ta ragu, sai kwamfuta ta sake biyan abin da aka riga aka biya.

Hawa na biyu hasashen asara. Tsakanin inji da ƙasa akwai giya, akwatin raba ƙarfi, farfela, difiransiyal da tayoyi, kowanne yana cin rabonsa. Mai na'urar ya shigar da kashi 20 cikin ɗari da hannunsa, sai 107.5 ya zama 134.4. Kashi 20 ba wauta ba ne ga mota mai nauyi da manyan tayoyi, wataƙila ma ya yi kaɗan, amma zato ne. Da ya sa 15 da an samu doki 172, da ya sa 25 da an samu 195, motar tana nan yadda take.

Hawa na uku canjin ma'auni: kilowat ɗaya doki 1.36 ne a lissafin Faransa da Jamus, 1.34 a na Ingila da Amurka. A ninka 134.4 da 1.36, ga 183. Shi kuwa ainihin awon, 103, doki 140 ne. Dokin da ke cikin takardar rajistar mota wani abu ne daban, lissafin haraji ne, kada a haɗa su.

Sannan babu gwajin farko. Ba a hawar da motar kan na'urar ba kafin a sa turbo, don haka aka ɗauko 131 na kamfani, wanda aka auna a jikin inji a ɗakin gwaji, aka jera shi da 183 na shagon wani, aka ce an ƙara doki 52. Na'urorin daino kansu ba bakinsu ɗaya ba: Dynojet da Mustang da Dynapack mai kama cibiyar taya kowace da yadda take karatu. Ko a na'ura ɗaya, iskar taya, ƙarfin ɗaurin igiyoyin da suka riƙe mota da giyar da aka yi gwajin da ita duk suna motsa lamba.

Inda motar ke aiki, da inda aka auna ta

Doki ba wani abu ba ne illa ƙarfin murɗawa da aka ninka da saurin juyi: Nm sau juyi a minti, a raba da 9,549, a samu kilowat. Shi ya sa babbar lamba kullum take fitowa can sama, inda inji ke kururuwa. A gwada da injin kamfani: Nm 285 a juyi 2,200 kilowat 66 ne, doki 89 ke nan. Ashe ko sabon 1HZ, a inda direba ke tuƙa shi, bai taɓa ba da 131 ba. Direba mai lodi yana yini ne tsakanin juyi 1,600 da 2,400. Juyi 3,700 sai dai wajen wuce babbar mota, daƙiƙa kaɗan.

A takardar akwai layi na biyu, na ƙarfin murɗawa, wanda ba wanda ya kalla. Yana kwance har juyi 2,400, sannan ya miƙe tsaye. Ma'anarsa babban turbo ɗin bai farka ba sai can. Ƙasa da haka iska kaɗan ce, amma famfo yana zuba gazuwal irin na juyi 3,700, tunda sukuru ɗaya ne kuma ba abin da ke riƙe shi. Injin gazuwal yana son rarar iska. A lissafi kilo 14.5 na iska ke ƙone kilo ɗaya na gazuwal, amma masu gyaran 1HZ ba sa son rabon ya sauka ƙasa da 20 bisa 1 a cikakken lodi. Idan ya sauka, ƙuna tana jinkiri, hayaƙi ya yi baƙi, zafi ya hau. Baƙin hayaƙin da direba ya gani shi ne gargaɗin.

Tayoyin sun ƙara dagula abin. 315/75R16 tsayinta milimita 879 ne, ta asali 7.50R16 kusan 810. Doguwar taya tana rage juyin inji kuma tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa daidai gwargwado. A giya ta biyar, a kilomita 90, injin yana wajen juyi 1,950 maimakon 2,130, wato an tura shi can cikin ramin da turbo ke barci. Ga allurar gudu tana nuna ƙasa da gaskiya.

Sai yanayi. An yi gwajin a na'ura mai jan ganga kawai, wadda ba ta riƙe mota da lodi: daƙiƙa goma ko makamancin haka, bonet a buɗe, ƙatuwar fanka tana hurawa, bayan mota babu komai. A daƙiƙa goma ƙarfe bai gama ɗaukar zafi ba. Kamar a auna ɗan dako ne da buhun da ya ɗaga sau ɗaya ya ajiye, ba da wanda zai kai ƙarshen kasuwa ba. A Tahoua a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 da rana. Iskar digiri 43 ta fi ta digiri 25 sauƙi da kusan kashi 6 cikin ɗari, tudun garin a kan teku, kusan mita 400, ya ƙara rage kashi 4 zuwa 5. Idan turbo ya matse iskar digiri 43 zuwa matsin bar 1.0, tana fitowa wajen digiri 145, kuma babu intakula, haka take shiga inji. A ƙara da filtar iska da ƙura ta toshe rabi, da tafiyar awa biyu ko jan yashi a ƙaramar giya inda iska ba ta bugun lagireto.

Allurar dashbod ba za ta faɗi komai ba. Zafin ruwa take aunawa, kuma an yi ta ne ta zauna a tsakiya a faɗin zafi mai yawa. Zafin hayaƙi yakan tashi da ɗaruruwan digiri cikin daƙiƙa kaɗan kafin ruwa ya sani.

Awo a kan hanya

An sa sabon kan inji da sababbin kofuna, an canza fistan na huɗu, an zaɓi kaurin gasket bisa yadda fistan ke leƙowa saman bulok, an gwada nozul shida, an sa sabon bel ɗin taimin. Tun manifol ɗin salansa yana kan tebur aka huda shi aka yi masa zare don tsinken auna zafi nau'in K, a gaban turbo inda hayaƙin silinda ke haɗuwa. Wanda zai huda shi a jikin mota sai ya yi hattara, ɓurɓushin ƙarfe yana lalata fuka-fukan turbo. Wurin tsinken ba ƙaramin abu ba ne: a bayan turbo awo yakan ragu da digiri 150 zuwa 200, don haka 550 a baya tana iya zama 720 a gaba. An kuma sa agogon matsin turbo da wani na zafin ruwa mai nuna lamba.

Bayan an yi wa injin tafiya mai sauƙi ya zauna, kafin a taɓa famfo ko turbo, an fita da motar don a ga abin da ta daɗe tana yi a ɓoye. Tsarin gwajin ba shi da wuya, amma sai an kiyaye shi: miƙaƙƙen wuri ɗaya marar cunkoso a hanyar Abalak, buhu goma na kilo ɗari, iskar taya ɗaya, tsakar rana, giya ta huɗu, daga kilomita 60 zuwa 90, gudun a karanta shi daga GPS na waya ba daga dashbod ba. Zuwa da dawowa, saboda iska da gangare, sau uku a ɗauki matsakaici. Mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe agogo yana rubutawa.

Ta ɗauki daƙiƙa 19. A juyi 1,800 matsin turbo bar 0.3 ne kacal. A giya ta biyar kan ɗan hawa, cikin daƙiƙa 20 zafin hayaƙi ya wuce digiri 760 yana ci gaba, sai aka ɗaga ƙafa. Ƙa'idar da masu wannan inji ke bi ita ce kada ya wuce 700 a gaban turbo ko na ɗan lokaci, kuma a doguwar tafiya ya zauna ƙasa da 650.

Gyaran

An yi shi ɗaya bayan ɗaya ana sake gwaji, don a san abin da kowane canji ya kawo. Tayoyi aka fara sauyawa zuwa 235/85R16, tsayi milimita 806. Da wannan kaɗai lokaci ya sauko 17. Direba bai so ba, saboda yashi. Amsar ita ce rage iskar taya idan an shiga yashi da ɗaukar famfon hura taya a mota.

An sauke babban turbo aka sa turbo CT26, wanda bai kai shi girma ba, da manifol ɗinsa na 1HD-T, wanda ke hawa kan 1HZ, aka mayar da tsinken zafi a kansa, aka daidaita bawul ɗin sakin hayaƙi ya buɗe a bar 0.7. An sa intakula a gaba, da lura kada ta tare wa lagireto iska fiye da kima; ta sauko da zafin iskar shiga zuwa ƙasa da digiri 80. An kai famfo wurin mai gyaran famfo ya sa masa kai mai faifan roba da sifirin, wanda ke riƙe gazuwal har sai turbo ya kawo iska. Sukurun cikakken lodi an dawo da shi baya kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya bisa takwas na zagaye kowane karo, a ɗaure goro, a fita hanya, a dawo. Wannan sukuru ba a yi masa garaje: rabin zagaye yana sauya injin gaba ɗaya, kuma duk lokacin da aka taɓa shi sai an sake daidaita silo. An wanke lagireto ciki da waje, an ƙara man silikon a kulocin fanka da ya saki, an sa salansa mai faɗin inci biyu da rabi.

Sakamako a wuri ɗaya da lodi ɗaya: daƙiƙa 14. Turbo yana kai bar 0.7 tun juyi 1,800. A hawan nan na giya ta biyar zafin hayaƙi ya tsaya wajen 640 bai ƙara ba. Hayaƙi sai ɗan toka-toka lokacin da aka fara taka totur.

Da za a mayar da ita kan waccan na'ura, ƙiyasi ya nuna tayoyi za su ba da wajen kilowat 88, wanda da irin wancan lissafi zai fito doki 156. Ta yi asarar doki kusan 27 a takarda, ta rage daƙiƙa biyar a hanya, biyu daga ciki na tayoyi ne.

Wannan ba ya nufin daino aikin banza ne. Na'ura mai birkin lantarki, wadda za ta riƙe injin a juyi 1,800 totur a ƙasa na tsawon minti guda ana kallon zafin hayaƙi da rabon iska da gazuwal, za ta yi cikin awa biyu abin da ya ci kwanaki a hanya, ba tare da haɗarin gudu da lodi ba. Haka kuma gwaji biyu a na'ura ɗaya, rana ɗaya, giya ɗaya, kafin gyara da bayansa, yana faɗin gaskiyar abin da aka ƙara. Ga motar tsere, wadda ke rayuwa a saman juyi, babbar lamba tana da ma'ana. Ga motar lodi, mai saye ya tsallake ta ya nemi awon tayoyi kafin gyaran yanayi, ya bi layin ƙarfin murɗawa da yatsa daga 1,500 zuwa 2,500, ya duba ko an buga matsin turbo da zafin hayaƙi. Takardar da ba ta da waɗannan, a ganinmu, ba ta isa a ƙara ko dala a kan kuɗin mota ba.

Akwai sauran aiki a motar. Ƙarfin murɗawa yanzu yana zuwa da wuri, kuma shi ne ke cin kuloci da giya, ba doki ba. Kulocin asali an yi shi ne don Nm 285. Idan ya fara sulɓi a giya ta huɗu, za a sa mai faranti mai ƙarfi. Akwatin giya na HZJ79, R151F, an san giyarsa ta biyar ba ta son jan nauyi a ƙaramin juyi, don haka an gaya wa direba da lodi a kan hawa ya sauko ta huɗu tun juyi bai faɗi ƙasa da 1,900 ba. An saita ƙarar agogon hayaƙi a 680. Bayan doguwar tafiya a bar injin a silo minti biyu kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a cikin turbo. Filtar iska a duba ta duk dawowa daga Tchintabaraden, gazuwal na kwalba kuma a tace shi kafin ya shiga tanki, domin nozul da ya fara zubo gazuwal maimakon fesawa yana ƙona fistan ɗaya shi kaɗai, agogon da ke auna haɗakar silinda shida kuwa ba lalle ya nuna ba.